Fuskar wa za mu ba Sarauniya?

Gardama ce ta haifi wannan rubutu. Waɗanda suka zo taron ƙungiyarmu na watan jiya sun san abin da ya faru, waɗanda ba su zo ba kuma bari in ba ku a taƙaice. An kawo shawara cewa a ɗan littafinmu na gaba mu bar zanen bik da muka saba yi a bango, mu yi hotuna. Za mu zaɓi mutanen cikin littattafan da muke so, mu sa wa wasu daga cikinmu kayansu, a ɗauke su. Aka lissafa Malam Zurƙe na Ruwan Bagaja, da Ganɗoki, da Shaihu Umar, sai Sarauniya ta littafin Abdoulaye Mamani. Kowa ya yi na'am. Wani ya ce zai aro rawanin kakansa, wata ta ce kawunta maharbi ne, baka da kwari ba za su yi wuya ba.

Da aka zo kan wadda za ta fito a Sarauniya, ƴan mata biyu suka ɗaga hannu. Ba a kai ga ƙuri'a ba wani abokinmu ya ce, yana dariya, "A ba wance mana, ita ta fi fitowa a hoto." Babu wanda bai gane nufinsa ba: ta fi hasken fata. Ɗayar ta sauke hannunta a hankali, ba ta ce uffan ba, kuma tun daga ranar ba ta sake zuwa taro ba. Ina zaune a wurin, ni ma ban ce komi ba. Wannan shirun nawa ne ya dame ni, har na shiga bin tarihin abin da muke shirin yi, in ga yadda waɗanda suka riga mu suka yi da shi. Ashe wasan ya haura shekara 170, kuma tun farkonsa tambayar da ta raba mu ran nan tana cikinsa: jikin wa za a ara wa mutumin da marubuci ya ƙaga, kuma wa ke zaɓa?

Bari in fara ta fannin da nake karatu, wato kimiyyar harshe, don a nan na fara gane inda gizo ke saƙa. A ce marubuci ya rubuta: wata yarinya kyakkyawa ta shigo. Kalma biyar ke nan. Jimlar ta faɗa mana mace ce, ita ɗaya ce, ba ta tsufa ba, kuma mai ba da labarin yana ganin kyanta. Ba ta ce komi a kan hanci ba, ko tsawo, ko launin fata, ko akwai zane a kumatu. Mai karatu a Tawa zai cika gurbin da ɗiyar maƙwabtansu, na Damagaram ya cika da wadda yake gani a bakin famfo, mace mai karatu kuwa sau da yawa da kanta take cikawa. Mutum dubu su karanta jimla ɗaya, a samu yarinya dubu, kuma ba wanda ya yi kuskure. Kamara ba ta iya barin gurbi. In an ɗauki hoto dole hancin ya zama na wata takamaimai, fatar ma haka. Duk hoton da aka yi wa mutumin cikin littafi amsa ce ga tambayar da marubuci ya bari a buɗe, kuma da zarar an buga shi sai sauran 999 ɗin su ja da baya.

An bayyana wa duniya fasahar hoto a Paris a 1839, da sunan Louis Daguerre, mutane kuma suka karɓe ta a matsayin shaidar da ba ta ƙarya, tunda haske ne ke zanawa da kansa. Shekara ɗaya tak wani ma'aikacin gwamnati, Hippolyte Bayard, ya ɓata mata wannan suna. Shi ma ya ƙirƙiro tasa hanyar ɗaukar hoto, amma aka fifita Daguerre. Don haushi, a 1840 ya tuɓe riga, ya jingina, ya rufe ido, ya ɗauki kansa kamar gawar wanda ruwa ya ci. Mutumin bai mutu ba sai 1887. Bahaushe da ya ari kalmar nan kamar ya ji labarin. In an ce wane shugaban hoto ne, ko aikin nan hoto ne kawai, kowa ya san akwai siffa babu abin. Kalma ɗaya muke kiran shaida da ita, da ita kuma muke kiran holoƙo.

Littafi ya shigo cikin wasan ne a Edinburgh, babban birnin Sikotilan. A 1843 wani mai zane, David Octavius Hill, ya haɗa gwiwa da wani saurayi masanin sinadaran hoto, Robert Adamson. A kan takarda suke ɗauka, a waje cikin rana, wanda ake ɗauka kuma sai ya daskare wuri ɗaya ba motsi. Marubucin da garin ke taƙama da shi shi ne Walter Scott, wanda ya rasu a 1832. A littafinsa The Antiquary na 1816 akwai wani tsohon mabaraci, Edie Ochiltree, irin waɗanda hukuma ke ba shuɗiyar riga da lambar izinin bara. Hill da Adamson suka ɗauko abokinsu John Henning, sanannen mai sassaƙa, tsoho mai shekara saba'in da wani abu, suka sa masa rigar da lambar, suka ba shi sanda. Hoton yana nan har yau, kuma yana da kyau ƙwarai. Amma ku lura, Edinburgh ta wancan zamani cike take da mabarata na gaske, ba su aka kira ba. Mai hoto ya ɗauki wanda suke zama tare, wanda ya san littafin, wanda in an gama zai tuɓe rigar ya koma gida ya ci abincin dare.

Wajen 1857 wani ɗan Ingila, William Lake Price, ya shirya hoton Don Quichotte na Cervantes zaune a ɗakin karatunsa, kewaye da littattafai da sulke da tarkace. Na daɗe ina kallonsa a waya, kuma na lura idona ya fi zuwa kan tarkacen. Marubuci in ya ambaci takobi, takobin kaɗai kake gani, sauran ɗakin duhu ne. Ita kamara ƙafar tebur da fuskar mutum duk ɗaya ne gare ta. Masu aron rawani da kwari, ku riƙe wannan: yawan kaya na cinye mutum.

Wadda ta fi kowa nisa a wannan hanya mace ce, Julia Margaret Cameron. An haife ta a Kalkata ta Indiya a 1815, ba ta mallaki kamara ba sai a ƙarshen 1863, tana da shekara 48, lokacin da ɗiyarta da surukinta suka ba ta kyauta. Tana zaune a Freshwater, wani ƙauye a tsibirin Wight da ke kudancin Ingila. Ta mai da akurkin kaji mai gilashi ɗakin ɗaukar hoto, ɗakin ajiye kwal kuma ya zama wurin wanki. A kan faifan gilashi take ɗauka: ta shafa masa sinadari, ta ɗauka, ta wanke tun bai bushe ba, wanda ke gabanta kuma ya yi mintoci bai motsa ba. Maƙwabcinta shi ne mawaƙi Alfred Tennyson. A 1874 ya roƙe ta ta yi hotunan da za su raka dogon labarinsa na waƙa a kan Sarki Arthur da mayaƙansa. Ta yi ɗauka wajen 245 kafin ta samu ƴan kaɗan da suka gamsar da ita. Da ta ga masu buga littafi sun ƙanƙanta su sun mai da su zane, sai ta fitar da manyan kundi biyu na kanta, a 1874 da 1875.

To, su wa suka fito? Mijinta, tsoho mai kusan shekara 80 da dogon farin gemu, shi ne boka Merlin, kuma dariya kan ƙwace masa ana tsakiyar ɗauka, sai an sake. Sarki Arthur wani ɗan dako ne na yankin da aka sa wa kwalkwali. Da yawa daga cikin matan da ta saba ɗauka ƴan aikin gidanta ne. Mary Hillier, ɗiyar mai ɗinkin takalma, ta shiga aiki gidan tana yarinya, an kuma ɗauke ta a matsayin Maryama uwar Annabi Isa sau da yawa har ƴan ƙauyen suka laƙaba mata sunan. Akwai kuma Mary Ryan, ɗiyar ƴan Ailan, wadda Cameron ta tsinta tana bara a gefen Landan, ta ɗauke ta ta rene ta tana yi mata aiki. Wani saurayi ɗan manyan gida, Henry Cotton, ya ga hotonta a wurin baje koli, ya nemi aurenta. An ɗaura a 1867, a shekarar kuma Cameron ta ɗauke su tare a matsayin Romeo da Juliet. Daga baya ya zama babban ma'aikacin mulkin Ingila a Indiya, aka ba shi lambar girma, tsohuwar mabaraciya ta zama Lady Cotton.

Labarin na da daɗin ji kamar tatsuniya, kuma akwai abin yabo a ciki. A Edinburgh mai hali ne ya sa rigar mabaraci, a Freshwater kuwa ɗan dako ne ya sa kayan sarauta, manyan Ingila suka kalle shi suka ce Sarki. Sai dai ƴar aiki ba ta iya ce wa uwar ɗakinta a'a. In an ce ta ajiye tsintsiya ta saki gashi ta zauna minti biyar ba motsi, zama za ta yi. Kuma sau da yawa sunan da ke ƙarƙashin hoton na mutumin littafi ne, sai sa hannun Cameron. Masu fuskokin kuwa, masu bincike ne suka bi diddigi daga baya suka gano ko su wane ne.

Duk waɗannan hotuna na gidajen masu kuɗi ne. Abin ya sauko kasuwa bayan yaƙin duniya na biyu. A Italiya a 1947 aka fara buga mujallun da ke ba da labari da jerin hotunan mutane na gaske, maganarsu a rubuce a saman kai. Shi ne roman-foto da iyayenmu mata suka sani. A Faransa mujallar Nous Deux ta zama gidansa, a ƙasashenmu kuma mujallar Amina, wadda ta fara fita a 1972, ta daɗe tana ɗauke da shi. A ɓangaren masu Ingilishi, daga 1968 zuwa 1972, akwai African Film da jaruminta Lance Spearman, baƙin mutum ɗan gayu mai kama miyagu. A Afirka ta Kudu ake shirya mujallar, ana sayarwa har Najeriya da Gana da Kenya, kuma a nan ne yara da yawa suka fara ganin jarumin labari mai irin fatarsu a takarda.

Mu Hausawa fa? Littattafan gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, irin su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ta kalma muka san mutanensu. Fuska ta zo mana da ƙarfi ne a littattafan soyayya na kasuwar Kano, waɗanda suka bunƙasa daga shekarun 1980 suka tsallako iyaka. Na tashi a Maraɗi ina satar karanta na yayata. A nan kuma dole in gyara maganar da na yi da farko, don shi ma harshe ba wankakke ba ne. Da yawa cikin waɗanda na karanta ba su barin gurbin nan. Tun shafi na biyu za a ce maka yarinyar fara ce, doguwa, mai dogon hanci, gashi har gadon baya, in ka ɗauki wani littafin kuma ita ɗin ce dai da wani suna. Bangon sai ya bi sawu, fuska fara tas kamar an ciro ta daga fim ɗin Indiya. Abokinmu bai ƙago komi ba, abin da muka karanta tare ya maimaita, ni da na yi shiru ma littattafan nan ne suka rene ni. Kuma kowa ya san abin da man sa fari ke yi wa fatar ƴan uwanmu mata a unguwa, ba sai na faɗa ba.

Da na same shi bayan taro, ga abin da ya ce mini: "Haba aboki, ba haka nike nuhi ba. Hotokopi za mu yi. Baƙar huska in ta shiga mashin ɗin ga, tawada kawai za ta hito." Maganarsa na da ƙamshin gaskiya, kuma ita ma tana da tarihi. Tun daga shekarun 1950 kamfanin Kodak yana raba wa masu wankin hoto mai launi wani kati ɗauke da hoton farar mace, da shi ake daidaita inji. Shekara da shekaru farar fata ce ma'auni, baƙa kuwa ta fito yadda ta fito. Amma a Bamako, tun 1948, Seydou Keïta yana ɗaukar baƙaƙen fuskoki a tsakar gidansa da hasken rana, kuma duk wanda ya ga hotunan ya san ba abin da ya ɓace, daga ƙwayar ido har zanen kumatu. Ashe laifin na mai riƙe da kamara ne da inda ya tsayar da mutum. A ɗauka da hantsi a inuwa. A riƙe farin zane a gefe ya mayar da haske kan fuska. Kada a tsayar da mutum gaban farin bango ko sararin sama, don kamara za ta auna haskensu ta bar fuskar cikin duhu. Sannan a ce wa mai fotokopi ya rage duhun injinsa. Na gwada da hoton ƙanena, wanda ya fi ni baƙi, ya fito sarai, kuma dala biyar kacal na kashe.

Akwai wani darasi a gidan Keïta. Shi ma yana da kayan aro, kwat da agogo da rediyo da babur, amma wanda ake ɗauka shi ya biya kuɗi, shi ke zaɓen abin da zai sa da abin da zai riƙe. Mai fuskar shi ne marubucin kansa, abin da Mary Hillier ba ta samu ba.

Wanda ya ɗauki tsohon wasan na Turawa ya juya shi shi ne Yinka Shonibare. An haife shi a Landan a 1962, ya girma a Legas, ya koma Ingila yana saurayi, yana da shekara 18 wata cutar laka ta shanye masa ɓarin jiki. A 2001 ya yi jerin hotuna 12 a kan Dorian Gray, saurayin littafin Oscar Wilde na 1890, wanda ba ya tsufa, zanen siffarsa da ya ɓoye a ɗaki ne ke tsufa yana muni da kowane zunubi da ya aikata. A littafin Dorian fari ne mai shuɗin ido da gashi ruwan zinari, wato a nan marubuci bai bar gurbi ba sam. Duk da haka Shonibare ya fito a Dorian da kansa, baƙi, cikin kayan ƴan gayun Landan na wancan ƙarni, Turawa kewaye da shi. Hotuna 11 baƙi da fari ne, ɗaya mai launi, inda yake duban lalatacciyar fuskarsa a madubi. Ya bi tsarin fim ɗin 1945 ne, wanda shi ma baƙi da fari ne sai in za a nuna zanen. Ba mai kallon aikin ya ce an yi kuskuren zaɓe. Da gangan ne, don mai kallo ya tambayi kansa me ya sa tun farko ya ɗauka kyau irin na Dorian sai fari. Abin da na koya a wurinsa shi ne, tunda dole a zaɓa, to a zaɓa ido buɗe, a kuma iya faɗin dalili gaban jama'a.

Yanzu mu dawo gida. Sarauniya ta bambanta da Malam Zurƙe, don ita ta rayu. A watan Afrilu na 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta kai wa Lugu hari, a ƙasar Arewa wajen Dogon Dutsi, mutanen Sarauniya Mangu suka yi tirjiya. Rundunar ta wuce ta yi ɓarnar Birnin Ƙonni, kafin sojojinsu su kashe su biyun a watan Yuli wajen Tasawa. Amma Sarauniyar da muka sani tun muna lakwal, mai tsayawa gaban mayaƙa, mafi yawanta daga littafin Abdoulaye Mamani na 1980 ta fito. Kafin shi labarinta bai yi nisa da yankinta ba. Mamani marubuci ne, ya ɗauki abin da baka ta riƙe ya ƙara nasa. A 1986 Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya mai da littafin fim. An so ɗauka a Nijar bai yiwu ba, aka koma Burkina Faso zamanin Thomas Sankara. Aï Keïta ce ta fito a Sarauniya, fim ɗin kuma ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987. Abin da ya fi ba ɗalibin harshe mamaki, Sarauniyar Lugu a fim ɗin ba Hausa take yi ba, Jula take yi.

Ranar 13 ga Mayu da ta wuce, ranar matan Nijar, na ga hoto ɗaya yana yawo a WhatsApp, an rubuta Sarauniya Mangu a ƙasansa. Ƙanwata ma ta sa shi. Aï Keïta ce. Na ce mata ai wannan ƴar wasa ce, ta ce, "To Yaya, ina ta gaskiyar?" Na rasa abin ce mata. Mace ta 1899 ta shiga littafi, littafi ya shiga fim, hoton fim ya dawo ya zauna a gurbin macen. Alhali a Lugu sarautar tana nan har yau, mai riƙe da ita kuma zaman ɗaka take yi, ba a cika ganinta ba. Kun ga ƙarfin fuska ɗaya. Ɗan littafinmu ba shi da yawa, amma yana shiga lise da kwaleji, ƙannenmu na karantawa. Yarinya a Tasawa ko Mirriya za ta kalli bangon ta ga irin wadda yayyenta na jami'a suka ce ta cancanci zama Sarauniya, sannan ta kalli hannunta. Aï Keïta ma ba fara ba ce, kuma Med Hondo bai ji tsoron ba za ta fito a hoto ba.

Ga shawarata ga taro mai zuwa. Na farko, kada mu yi Sarauniya ɗaya. Mu ɗauki duk wadda ta ɗaga hannu, biyu ce ko huɗu, mu jera su a shafi ɗaya da suna ɗaya a ƙasa, mu mayar wa mai karatu ɗan gurbin da kamara ta ƙwace. Malam Zurƙe da Ganɗoki ma haka. Na biyu, kowa ya zaɓi kayansa da tsayuwarsa kamar abokan cinikin Keïta, ya kuma rubuta layi uku a kan abin da ya gani a littafin da ya sa ya tsaya haka. Wanda bai karanta ba sai ya je ya karanta. Na uku, a rubuta a ƙarƙashin kowane hoto cewa shiri ne, da sunan mai fuskar in ya yarda, don kada nan da shekara goma a ga ƴar ajinmu tana yawo a waya an ce ga Sarauniya ta ainihi.

Na je gidan su ƴar uwarmu ranar Juma'a da la'asar, na ba ta haƙuri a kan shirun da na yi. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce ita ba hoton ya dame ta ba, dariyar da aka yi ce. Ta ce za ta yi tunani. Ta karanta littafin Mamani sau uku, ni sau ɗaya, abokinmu mai maganar kuwa ya amsa mini da bakinsa cewa fim kawai ya gani. In ta dawo, ina roƙon a bar ta ta fara magana.